Kyautar bindiga ga ɗa mai shekara 19 a Amurka: amsa ga wani uba a Houston

Wani bawan Allah mazaunin Houston, a jihar Texas, ya turo mini tambaya. Ya daɗe a Amurka, yana da katin zama na dindindin, amma bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba. Ɗansa na fari, haifaffen nan, yana da shekara 19, yana karatu a wata jami'a a jihar Ohio. Yaron ya shiga farautar barewa tare da abokan karatunsa, kullum da bindigar aro yake fita. Uban yana so ya saya masa doguwar bindiga tasa ta kansa. Ya ce: "Zan iya saye da sunana in ba shi? Zan iya aika masa ta gidan waya? In ya gama karatu ya so ya tafi da ita gida Najeriya fa?"

Alhaji, Allah ya raya zuri'a. Amsa a dunƙule ita ce eh, doka ta yarda uba ya yi wa ɗansa mai shekara 19 kyautar doguwar bindiga. Sai dai wannan eh ɗin tana da ƙaya, kuma ba a inda mutane ke zato ƙayar take ba. Iyayen da ke kawo mini irin wannan magana, shekarun yaron ne suka fi damun su. Shekaru kuwa su ne mafi sauƙi a lamarin. Abin da ke gurfanar da mutum gaban alƙali shi ne kuɗin wa aka biya, a wace jiha yaron yake zaune ranar da bindigar ta shiga hannunsa, da kuma abin da uba ya sani game da ɗansa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Mu sallami maganar shekaru tukuna. Dokar tarayya ta 1968 ta hana dillali mai lasisi, wanda ake kira FFL a taƙaice, ya sayar da doguwar bindiga ga wanda bai kai 18 ba, ƙaramar bindiga kuma ga wanda bai kai 21 ba. Texas da Ohio duk sun tsaya a 18 ga doguwar bindiga. Ɗanka ya wuce nan. Da a Florida yake, wadda ta ɗaga shekarun saye zuwa 21 a 2018 bayan harbin makarantar Parkland, ko a New York, inda tun 2022 sai mai shekara 21 da lasisi yake karɓar raifil mai ɗura kanta, da amsata ta canza. Ka riƙe wannan a ranka saboda gaba, don yaro ba ya daɗewa a gari ɗaya bayan kammala karatu.

To, kuɗi. Idan ka shiga shagon bindiga za a miƙo maka fom mai lamba 4473 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. Cikin tambayoyin eh-ko-a'a, ta farko ita ce ko kai ne ainihin mai sayen wannan bindiga. Bayanin da ke jikin fom ɗin ya faɗa ƙarara cewa wanda ya saya da kuɗinsa don ya yi kyauta ta tsakani da Allah, shi ne ainihin mai saye, sai ya amsa da eh hankalinsa kwance. Amma da zarar wanda za a ba ya miƙa kuɗi, ko wani kaya mai daraja, ko ya yi wani aiki a madadin, kyauta ta tashi. Ka zama ɗan aike, kuma eh ɗin da ka rubuta ta zama ƙarya ga gwamnatin tarayya, laifin da hukuncinsa ke iya kaiwa shekara goma. Wannan shi ne abin da nake kira sayen sojan gona.

A nan ne al'adarmu take iya jefa mutum rami ba da saninsa ba. A wurinmu aljihun ɗa da na uba ba aljihu biyu ba ne. Yaron kirki ya ji kana shirin kashe masa kuɗi, sai ya ce, "Baba, ga ɗan abin da na tara a aikin hutu, a ƙara." Kai kuma ka karɓa don kada ka karya masa gwiwa, har ka sa masa albarka. A idon doka wannan ɗan abin ya ɓata kyautar. Kada ka karɓi ko sisi. In ya turo ta waya, mayar masa kafin ka taka ƙafarka shagon.

Za ka ce ai yaron nan ba mai laifi ba ne, da kansa ma zai iya saye, mene ne abin ɓoyewa? Wani tsohon ɗan sanda a Virginia, Bruce Abramski, haka ya yi tunani. A 2009 ya sayi ƙaramar bindiga ƙirar Glock 19 don kawunsa da ke Pennsylvania, saboda yana ganin zai samu rangwamen da ake yi wa 'yan sanda. Kawun ya aiko masa da cekin dala 400, har da sunan bindigar a rubuce a jikin cekin. Kawun ba shi da wani tabo, kuma da aka kai masa bindigar ta hannun dillali mai lasisi aka miƙa masa, aka yi masa bincike ya wuce lafiya. Duk da haka aka kama Abramski da laifin ƙarya a fom. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, a 2014 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka ce tsarkin kawun bai wanke ƙaryar ɗan ba. Daga baya, a 2022, majalisa ta ƙara wata doka ta musamman a kan saye wa wanda aka san an haramta masa riƙe bindiga, ko wanda zai yi ɓarna da ita: shekara 15, ko 25 idan an san za a yi babban laifi da ita.

Kai kuma, Alhaji, kana da wani nauyi da maƙwabcinka ɗan ƙasa ba shi da shi. Mai katin zama na dindindin yana da damar sayen bindiga, wannan ba gardama. Amma dokar shige da fice ta sa laifin bindiga cikin laifukan da ake korar wanda ba ɗan ƙasa ba a kansu, komai daɗewarsa, komai yawan 'ya'yansa a nan. Abin da zai ƙare wa wani da tara ko zaman gwaji, kai zai iya ƙare maka a gaban alƙalin shige da fice. Fom ɗin yana tambayar ƙasarka da lambar katinka. Rubuta gaskiya. Kuskuren sa alama a gurbin ɗan ƙasar Amurka, ko da hannu ne ya zame, yana daga cikin abubuwan da suka fi wuyar gyarawa a harkar shige da fice.

Sai babban batu, wanda ya sa na ce eh ɗinka tana da ƙaya: iyakar jiha. Dokar tarayya ta hana mutumin da ba dillali ba ya miƙa bindiga, ko sayarwa ko kyauta, ga wanda ya san mazaunin wata jiha ce daban. Ta kuma hana mai karɓa ya shigo da ita jiharsa. Babu togiya don uba, babu don uwa, babu don miji da mata. Togiyar da ake da ita ta gado ce, idan mai bindigar ya rasu, sai kuma aro na ɗan lokaci don farauta ko wasan harbi. Jini ba ya ƙetare iyakar jiha a wannan doka. Uban da ya ɗauki bindiga a bayan mota daga Houston ya kai wa ɗansa a Ohio ya damƙa masa, da gangan bayan ya san haramun ne, ya sa kansa da ɗan a layin hukuncin da ke iya kaiwa shekara biyar.

To ɗanka ɗan wace jiha ne? Lasisin tuƙinsa wataƙila na Texas ne, ɗakinsa yana nan a gidanka, kai kake biya masa kuɗin makaranta. Duk wannan bai yanke magana ba. A ma'anar ATF, mazaunin jiha shi ne wanda yake cikinta da niyyar mayar da ita gida, kuma mutum yana iya zama da jiha biyu, kowace a lokacin da yake zaune a cikinta. Hukumar ta fitar da matsaya tun 1980 a kan ɗalibai: muddin ɗalibi yana zaune a ɗakin kwanan makaranta ko a gidan haya kusa da ita, mazaunin jihar makarantar ne a wannan lokaci. Ke nan a watan Oktoba ɗanka ɗan Ohio ne. Idan ya dawo dogon hutu ya tare a gidanka, ɗan Texas ne.

Daga nan wasu za su ce maka shi ke nan, jira ya dawo hutu ka ba shi hannu da hannu, tunda Texas ba ta buƙatar bincike ko rajista a kyauta tsakanin mutane biyu mazauna jihar. A takarda maganarsu tana da tushe, musamman a dogon hutun bazara da yaro ke yin wata uku a gida. Amma ni ban cika son wannan hanya ba idan hutun na kwana huɗu ne ko mako guda, kuma kowa ya san bindigar Ohio za ta tafi. Wanda ya zo ya kwana uku ya koma, shin zama ya yi ko ziyara? Tambaya ce da lauya zai ji daɗin jayayya a kanta, a kuɗinka. Mutumin da katin zamansa ke kan layi bai kamata ya zama abin gwajin wannan jayayya ba, alhali akwai hanyar da ba ta da ƙura kuma kuɗinta bai wuce na cefanen kwana biyu ba.

Hanyar da na fi so ita ce kada sunanka ya hau fom ɗin kwata-kwata. Ba shi kuɗin, ko ka saya masa katin kyauta na shagon da ke sayar da bindigogi, ya je da kansa ya zaɓa, ya cika fom da sunansa, a yi masa bincike a matsayinsa. Kyautar kuɗi ga ɗa don ya sayi abin kansa ba sojan gona ba ne, domin wanda ya cika fom shi ne zai riƙe bindigar. In kana son ka ga farin cikinsa da idonka, ku je tare a Houston ya cika fom kai ka biya, ka faɗa wa mai shagon gaskiyar abin da ake ciki tun daga ƙofa. Doka ta yarda dillali ya sayar da doguwar bindiga ga mazaunin wata jiha idan fuska da fuska ne kuma cinikin bai saɓa wa dokar jihohin biyu ba. Ƙaramar bindiga ce ba a yi wa wannan sassauci ba.

Ka dai shirya wa jinkiri. Tun bayan dokar 2022, wanda bai kai 21 ba ana yi masa ƙarin bincike. Na'urar binciken FBI, wato NICS, tana tuntuɓar jiharsa a kan tarihin laifin ƙuruciya da na tabin hankali, tana kuma tuntuɓar 'yan sandan yankin da yake zaune. Ana ɗaukar har kwana uku na aiki, in an ga abin dubawa a ƙara zuwa kwana goma. Yaron da ya zo hutun mako guda zai iya komawa makaranta bindiga tana shago. Wannan ma dalili ne na ya saya a can Ohio.

In kuwa bindigar tana hannunka tuni, ko ka fi son ka zaɓa da kanka ka ɗaure ta da ƙyalle, to a aika ta zuwa dillali mai lasisi a garin da yake. Shi zai karɓa, ya kira yaron, ya ba shi fom, ya yi masa bincike, ya caje shi 'yan daloli na ladan aiki. Gidan waya yana karɓar doguwar bindiga marar harsashi idan ga dillali za ta, amma ba zuwa ƙofar ɗanka a wata jiha ba. Kamfanonin jigila masu zaman kansu sun tsaurara nasu sharuɗɗan a 'yan shekarun nan, shi ya sa mafi sauƙi shi ne dillalin Houston ya aika wa takwaransa na Ohio. Kira na can ɗin tukuna ka ji ko yana karɓa.

Yanzu mu zo kan yaron kansa, inda na fi so ka zauna ka yi tunani. Haramun ne ka miƙa bindiga ga wanda ka sani, ko kake da dalilin zato, cewa yana cikin waɗanda doka ta hana riƙe ta, kuma hukuncin ya kai shekara 15. Jerin ya haɗa da wanda aka taɓa yanke wa hukunci a laifin da zamansa ke iya wuce shekara ɗaya, da wanda ke fuskantar irin wannan tuhuma, da wanda kotu ta tura asibitin masu tabin hankali, da wanda kotu ta hana kusantar matarsa ko abokiyar zamansa, da wanda aka kama da laifin duka a cikin gida ko da ƙaramin laifi ne, da mai ta'ammali da ƙwaya. Na san za ka ce Allah ya kiyaye, ɗana ba ya cikin ko ɗaya. Amin. Amma na ƙarshen nan ka tambaye shi, ido cikin ido, ba a gaban mahaifiyarsa ba. Ohio ta halatta tabar wiwi ga manya a ƙuri'ar da aka kaɗa a Nuwamban 2023, kuma ɗalibai da yawa sun ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Halaccin na masu shekara 21 ne, sannan fom 4473 yana da gargaɗi da baƙin rubutu cewa wiwi haramun ce a dokar tarayya komai abin da jiha ta ce. Ana ta shari'a a kotuna kan iyakar wannan haramci, amma ƙarya a fom laifi ne mai zaman kansa. Ɗan shugaban ƙasa na wancan lokaci ma, Hunter Biden, a kan amsar da ya bayar ga tambayar ƙwaya masu taya alƙali suka same shi da laifi a 2024. Shi a lokacin mahaifinsa yana da ikon yafe masa. Kai ba ka da shi.

Ɗanka haifaffen nan ne, don haka maganar biza ba ta shafe shi ba. Na kawo ta ne don masu karatu da 'ya'yansu ko 'ya'yan 'yan'uwansu suka zo da bizar ɗalibi. Wanda ya shigo da bizar wucin gadi an hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai in yana da lasisin farauta mai aiki ko wata togiya makamanciya. In kuma bizar ta faɗi, togiyar ba ta cetonsa. Hamid Rehaif ya zo daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa karatu a Florida, makaranta ta sallame shi, ya ci gaba da zama, ya je filin koyon harbi ya yi harbi, ya ƙare a kurkuku. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2019 bisa cewa sai an tabbatar ya san matsayinsa ya faɗi, amma kafin nan ya sha zaman da ya sha. Kada wanda ya riƙe ɗan wansa a gida ya ɗauke shi filin harbi don nishaɗi bai duba takardunsa ba.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kowane jeri, wanda binciken FBI ba zai gani ba, sai kai. A Highland Park, kusa da Chicago, wani matashi ya buɗe wuta kan masu faretin ranar 'yancin kai a 4 ga Yulin 2022, ya kashe mutum bakwai. Shekararsa 21 a ranar, kuma da kansa ya sayi bindigoginsa, ya wuce bincike. Amma a Illinois sai da katin izini ake mallakar bindiga, kuma wanda bai kai 21 ba sai iyaye sun sa masa hannu. A Disambar 2019, yaron yana da shekara 19, daidai shekarun ɗanka, mahaifinsa Robert Crimo Jr. ya sa masa hannu. Watanni kaɗan kafin nan 'yan sanda sun je gidan sau biyu, sau ɗaya a kan rahoton yunƙurin kashe kai, sau ɗaya a kan rahoton cewa ya yi barazanar kashe kowa, har suka kwashe wuƙaƙe da takobi. Uban bai sayi bindiga ba, bai miƙa ba, bai taɓa kunama ba. Sa hannu kawai ya yi ga ɗan da doka ke ɗauka baligi. A Nuwamban 2023 ya amsa laifin ganganci guda bakwai, aka ba shi kwana 60 a kurkuku da shekara biyu na zaman gwaji. A Michigan kuma, James da Jennifer Crumbley, da suka saya wa ɗansu mai shekara 15 ƙaramar bindiga kwanaki kaɗan kafin ya kashe ɗalibai huɗu a makarantar Oxford a 2021, an same su da laifin kisa ba da niyya ba a 2024, kowannensu shekara 10 zuwa 15. Nasu yaro ne ƙarami, amma masu gabatar da ƙara a faɗin ƙasar sun ga cewa masu taya alƙali suna yarda su tambayi iyaye abin da suka sani. Ban da wannan akwai ƙarar diyya: wanda ya damƙa abu mai haɗari ga wanda ya san bai dace ba, ana iya bin dukiyarsa.

Ba ina kwatanta ɗanka da waɗannan ba ne, Alhaji. Yaron da ke tashi da asuba cikin sanyin Ohio ya je daji da abokai, alama ce mai kyau a wurina. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba ya cutar da wani ba ne. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta bakin bindiga a Amurka, 26,328 daga cikinsu kansu suka kashe. Fiye da rabi ke nan. Mu ba ma son wannan zance. Yaro ya yi shiru sai mu ce kunya ce, ya daina kiran gida mu ce karatu ya yi masa yawa, ya rame mu ce abincin Turawa ne. Saurayi mai shekara 19, nesa da gida, ga jarrabawa, ga wata yarinya da ta juya masa baya, ga dogon hunturu da rana ke faɗuwa tun ƙarfe biyar: baƙin cikin dare ɗaya yakan wuce in babu abin da zai sa ya zama na ƙarshe a kusa da gado. In ka taɓa jin wata kalma daga bakinsa da ta tsaya maka a rai, ko mahaifiyarsa ta taɓa ji, ko ƙanwarsa, to jinkirta kyautar. Tambayi uwar musamman. Abin da yaro ba zai faɗa wa uba ba, sau da yawa ita ta daɗe da sani.

In duk wannan ya yi daidai, saura ƙananan abubuwa, amma ɗaya daga cikinsu zai iya sa ka yi asarar kuɗinka. Kada ka bari mai shago a Houston ya zaɓa maka. Zai miƙo maka mai cin harsashin .308 ko .30-06 ko .270, don su ake harbin barewa da su a Texas. Ohio ba ta yarda da su a farautar barewa ba. Raifil ɗin da ta halatta ita ce mai harsashin da kwansonsa miƙaƙƙe ne ba mai wuya ba, daga .357 zuwa .50, irin su .350 Legend da .450 Bushmaster da .45-70, kuma harsashi uku kacal ake ɗurawa. Yaron ya san wannan fiye da mu biyun, shi ya sa na ce a bar shi ya zaɓa. Yana kuma buƙatar lasisin farauta na Ohio da izinin barewa, da shaidar kwas ɗin koyon farauta ko lasisin ɗan koyo.

Sai wurin ajiya, kuma wannan a warware shi kafin a saya. In a ɗakin kwanan makaranta yake, kusan tabbas dokar makarantar ta hana, kuma kora ce mafi ƙanƙantar abin da zai biyo baya. In gidan haya ne, a duba yarjejeniyar haya, a kuma san su wa yake zaune da su. Abokin ɗaki mai tsohon laifi, ko mai bizar ɗalibi, bai kamata hannunsa ya iya kaiwa gare ta ba. Akwatin ƙarfe mai makulli ya zama rabin kyautar, harsashi kuma a wani wuri daban. Idan a gidanka za ta riƙa kwana lokacin hutu, ka tuna Texas tana hukunta wanda ya bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da 17 ya kai gare ta, kuma ka ce mini shi ne na fari, ke nan akwai ƙanne. A jirgin sama, sai a cikin akwati mai tauri a kulle, babu harsashi a cikinta, a bayyana ta a teburin awon kaya, ta tafi a cikin kayan ƙasan jirgi. A mota, dokar tarayya ta 1986 ta kare mai wucewa ta jihohi in bindigar ba harsashi kuma tana but inda hannu ba ya kaiwa. Hanyar Houston zuwa Ohio ta Arkansas da Tennessee da Kentucky ba ta da matsala. Ranar da ya ce zai biya ta New York ko New Jersey ya gai da 'yan'uwa, ya bar ta a gida. Haraji kuwa kada ya dame ka: kyautar da ba ta wuce dala 19,000 ga mutum ɗaya a 2025 ba, ko sanarwa ba a yi.

Wani abu da iyayenmu ba sa tsammani. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, uba yana da damar janye kyautar da ya yi wa ɗansa bisa wasu sharuɗɗa, abin da malamai ke kira i'itisari. Dokar Amurka ba ta san wannan ba. Ranar da bindiga ta shiga hannun baligi a matsayin kyauta, ta zama tasa. In bayan shekara ka ga halinsa ya canza ka ce dawo mini da ita, sai in ya ga dama. In ma ya yarda, kuma yana Ohio kana Texas, dawowar ita ma miƙawa ce tsakanin jihohi biyu, sai ta bi ta hannun dillali, kai ma ka cika fom. Shi ya sa wasu iyaye ke farawa da mataki na tsakiya: bindigar ta zauna a matsayin ta uba, a gidan uba, a kulle, yaro ya yi amfani da ita in ya zo hutu, ku fita daji tare kaka ɗaya ko biyu. Texas tana da barewa da filin farauta fiye da yadda za ku iya gamawa. Ka ga yadda yake riƙe ta, ina yake nuna bakinta in ya juya zai yi magana, yana duba cikinta kafin ya miƙa wa wani ko ba ya dubawa. A Ohio kuma ya ci gaba da aron da yake yi zuwa lokacin.

Maganar tafiya da ita Najeriya, cire ta daga lissafi. Fitar da bindiga daga Amurka don ta zauna a wata ƙasa sai da lasisin gwamnatin tarayya, kuma mutanen da suka cusa bindigogi cikin kwantena ko motocin da ake aikawa gida sun sha ɗauri a kotunan nan. A can kuma dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku: waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, irin su bindigar farauta, sai bindigar toka ta maharba da ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Lasisin na mutum ne a kan bindiga takamaimai, ba ya bin jini, kuma takardar Amurka ba ta da wata daraja a tashar jirgin Kano ko Abuja. A 2023 ma shugaban 'yan sandan ya sanar cewa an dakatar da bayar da sababbin lasisi. Riƙe bindiga ba lasisi a Najeriya laifi ne da ke kai mutum shekara goma. Idan lokacin komawarsa ya yi, ya sayar da ita ta hannun dillali a jihar da yake, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikinta, ya adana shi tare da takardunsa.